Filin Tambaya da Amsa: Ina rimot ɗin cikin wayata ya shiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Don Allah a taimaka min. Shekarun baya Samsung Galaxy S5 nake riƙewa, da ita nake kunna talabijin da esi har da dikoda, ko yara sun jefa rimot bayan kujera ko a jikina. To yanzu na sayi sabuwar waya wadda ta fi waccan komai da komai, na sauke manhajar rimot ta kai kala biyar amma babu wadda ta yi aiki, sai talla kawai suke watso min. Wayar ce ke da matsala ko ni ne ban iya setin ba?
Daga wani ɗan'uwa mai bibiyar wannan fili

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wayarka lafiyarta ƙalau, kai ma ba rashin iyawa bane, abin ne babu shi a cikinta kwata-kwata, kuma abin da ba a saka a jikin waya ba babu manhajar da za ta ƙirƙiro shi, don haka ka goge su duka biyar ɗin tun kafin su cinye maka data.

Ga yadda abin yake. A goshin S5 ɗin nan taka, can sama, akwai wani ɗan baƙin ɗigo kamar ƙwayar gilashi, to ɗan ƙwan fitila ne mai fitar da hasken infared, irin wanda ke bakin kowane rimot. Idon mutum baya ganin wannan hasken amma talabijin tana da idon da ke gani, kana danna maɓalli sai ƙwan ya yi ta ƙyaftawa da sauri sosai, galibi wajen sau 38,000 a daƙiƙa ɗaya, kowane maɓalli da irin tsarin ƙyaftawarsa, shi yasa dole sai ka saita bakin rimot wajen talabijin, in mutum ya gitta tsakani shikenan saƙon ya tsaya. In kana so ka gani da idonka ɗauko rimot ɗin gidanka, buɗe kyamarar waya, ka haska bakinsa ka danna, za ka ga wani haske mai ruwan shuɗi-shuɗi yana walƙiya a sikirin. In ta baya bata nuna ba gwada ta gaba. Ni da haka nake gane ko batirin rimot ne ya mutu ko rimot ɗin ne da kansa.

Akwai lokacin da manyan wayoyi ke rige-rigen saka shi. A 2013 Galaxy S4 da HTC One da LG G2 duk sun zo da shi, S5 da S6 ma haka. Da S7 ta fito a 2016 sai aka wayi gari babu, LG ta ɗan jure har G5 da V20, a G6 ta 2017 ita ma ta ajiye. iPhone kuwa dama bata taɓa zuwa da shi ba tun farkonta.

Dalilin da aka saba bayarwa shi ne wuri ya yi kaɗan a cikin waya, mutane kaɗan ne ke amfani da shi, kuma talabijin ɗin yanzu ai da waifai ake sarrafa su. Gaskiya ni wannan maganar bata gamsar da ni ba, kuma abin yana damuna sosai. Ƙwan nan bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sannan wanda ya ce a koma waifai ya manta ba talabijin kaɗai ke da rimot a gida ba, esi fa? fanka fa? furojekta da tsohuwar rediyo mai sifika? Waɗannan yawancinsu basu san wani waifai ba, kuma kaya ne da mutum ke shekara goma da su lafiya lau. Shi na waifai sai wayar da talabijin suna kan layi ɗaya, wani sa'in ma in talabijin ɗin a kashe take bazai iya tada ta ba, shi kuwa infared ba ruwansa da intanet ba ruwansa da buɗe akawun, ka nuna ka danna kawai. Na taɓa kwana a wani masauki da aka nemi rimot ɗin esi sama da ƙasa aka rasa, ga zafi, na ciro waya na zaɓi sunan kamfanin esin na yi ta gwada lambobin ɗaya bayan ɗaya, a na huɗu sai ji nayi ƙit ya buɗe baki ya fara hura sanyi. Ranar na san darajar ɗan ɗigon nan.

Mafita tana nan. Akwai ɗan ƙaramin abu kamar kan filashi da ake sokawa a ramin caja, mai bakin USB-C, yana ɗauke da ƙwan infared ɗin kuma yana da manhajarsa, sai dai ka tabbatar ya dace da irin wayarka kafin ka biya, don ba kowanne ke karɓar kowace waya ba. In kuma canjin waya za ka yi nan gaba, Xiaomi da 'ya'yanta Redmi da Poco har yau yawancinsu na zuwa da shi tare da manhajar Mi Remote, wasu Huawei ma haka, OnePlus 12 ma ta zo da shi. Ka duba takardar bayanin wayar inda aka rubuta IR, wato infared. Kar ka yarda da ɗan ramin da ka gani a saman waya kawai, sau da yawa makirfo ne, mai sayarwa ma wani lokacin bai sani ba zai ce maka eh akwai.

TAMBAYA: Salam Yaya, ni matsalata rediyo ce. Mahaifiyata bata rabuwa da jin labarai a waya, na saya mata sabuwa don in faranta mata sai ga shi babu rediyo babu ramin iyafis, yanzu ta koma kan tsohuwar mai fasasshen gilashi, tawa tana ajiye a durowa. Akwai yadda zan yi?
Daga wata ƙanwarku

AMSA: Allah ya saka miki da alheri ƙanwata, ya ƙara wa Mama lafiya. Kin ga abu biyun nan da kika rasa, ɗaya ne ya ja ɗaya. Rediyon FM na waya da igiyar iyafis yake kamo tasha, igiyar ce eriyarsa, shi yasa da can in baki soka iyafis ba yake ƙin buɗewa. To da aka fara toshe ramin, Apple a iPhone 7 a 2016, Google a Pixel 2 a 2017, Samsung a Note 10 a 2019, sai rediyon ma ya rasa madogara a manyan wayoyi da yawa. A taron da aka nuna iPhone 7 ɗin nan ne kuma aka nuna AirPods, iyafis mara igiya da ake saya daban, kowa ya auna da hankalinsa. Ni dai abin da ke min ciwo shi ne rediyo kyauta ne, baya cin data, ko sabis ya ɗauke yana nan yana magana, an ɗauke shi an bar dattijuwa da abin da sai da intanet, da iyafis ɗin bulutut da shi ma sai an yi masa caji.

Manhajojin rediyo da za ki gani a Play Store ta intanet suke jawo tasha, za su yi amma da data. Ɗan mahaɗin da ake sokawa a ramin caja zai dawo mata da iyafis mai igiya, rediyon ne dai babu tabbas, in wayar bata zo da shi ba mahaɗi bazai kawo shi ba. Shawarata kar ki matsa mata, ki kai tsohuwar a canja mata gilashi, in kuma sabuwa za ki sake ki duba masu matsakaicin kuɗi, su ne har yanzu suka riƙe rami da rediyo da wajen memori, wasu Tecno da itel ma rediyonsu na kamawa ko babu iyafis.

TAMBAYA: Malam wai da gaske ne saboda kar ruwa ya shiga aka daina yin waya mai cire batir? Kuma zai dawo?
Daga wani ɗalibi

AMSA: Rabin gaskiya ne ɗana. Waya da aka manne da gam ta fi sirantaka kuma ta fi sauƙin tsarewa daga ruwa, wannan haka ne. Amma S5 ɗin da ɗan'uwanmu ya ambata a sama, ta 2014, da farce kake ɓalle bayanta ka ciro batir ka saka wani, ga wajen memori ga ramin iyafis ga rimot, kuma duk da haka tana da shaidar IP67, wato tana jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Ashe ana iyawa kenan. A S6 aka cire batir mai fita da memori lokaci guda, memorin ya dawo a S7, aka sake ɗauke shi a S21 a 2021, shekarar da cajar ma ta fita daga kwalinta.

Batun dawowa, Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 cewa daga Fabrairun 2027 wayoyi da sauran na'urorin hannu su zo da batirin da mai su zai iya canjawa da kansa, kuma mun ga tasirin irin dokokinsu a kan ramin caja, iPhone 15 ta koma USB-C a 2023. Sai dai dokar tana da togaciya, kuma ba lallai a koma irin na da mai ɓallewa da farce ba, wataƙila sai ka kwance sukurori. Kafin nan, in batirinka ya fara kumbura har yana ɗaga bayan wayar, ka daina saka ta a caji, kar ka danna shi kar ka huda shi, ka kai wa mai gyara ya canja a ranar.