Gwajin motsa ƙwaƙwalwa da lantarki: in saka ɗana ko in janye?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 10 yana da ADHD, wato matsalar rashin nutsuwa da kasa mayar da hankali, shekara biyu ke nan yana shan methylphenidate. Maganin ya taimaka masa a makaranta, amma ya hana shi cin abinci, duk ya rame. An gayyace mu wani bincike da za a riƙa ɗora masa na'urar lantarki a kai. Tun makon jiya na daina ba shi maganin don mu shirya. Hankalina bai kwanta ba: lantarkin ba zai taɓa masa ƙwaƙwalwa ba? Wata uwa.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Fara tambayar su wace na'ura ce. Idan tDCS ce, soso biyu ne da ake jiƙawa da ruwan gishiri a ɗora a kai, ƙarfin wutar miliamfa 1 zuwa 2, na minti 20 zuwa 30. Abin da aka fi gani ƙaiƙayi ne da jan fata, wani lokaci ciwon kai. Idan TMS ce, da maganaɗisu take aiki, kuma tana iya tayar da farfaɗiya, ko da yake ba kasafai ba. Don haka idan ya taɓa yin farfaɗiya, ko an dasa masa ƙarfe ko na'urar ji a kai, kada ki ɓoye musu.

Amma abin da ya tayar mini da hankali a saƙonki shi ne daina maganin. Wa ya ce ki daina? Kusan kullum sai na yi wannan magana da iyaye: da zarar sun ji "bincike" sai su ɗauka sabon magani ne aka ba su dama su riga kowa samu. Ba haka ba ne. Ana yin binciken ne saboda masu yin sa ba su san ko na'urar tana aiki ba; da sun sani, da ba su nemi ɗanki ba. A irin wannan gwaji ana raba yara ne ta ƙuri'a, wasu a sa musu na'urar gaske, wasu ta bogi, wadda za ta ɗan yi ƙaiƙayi na daƙiƙa kamar 30 sannan ta mutu. Ke ba za ki san rukuninsa ba, galibi mai auna shi ma bai sani ba. Ke nan yana iya yin makonni babu magani babu lantarki, karatunsa yana komawa baya, malami yana faɗa, shi kuma yana ganin laifinsa ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zuciyar yaro ɗan shekara 10.

Wasu binciken suna buƙatar a dakatar da magani, wasu kuma suna son a ci gaba da shi ba canji. Ka'idarsu ce za ta faɗa, tare da likitan da ya rubuta maganin. Kina iya ma fitar da shi daga jerin waɗanda suka cancanta da wannan gaggawa.

Ga inda hujja ta tsaya. Hukumar FDA, mai kula da magunguna da na'urorin lafiya a Amurka, ta amince da TMS don ciwon damuwa a 2008, ba don ADHD ba. A 2019 ta ba na'urar Monarch eTNS, wadda ke tura 'yar wuta ta wani manne a goshi, izini don ADHD ga yara 'yan shekara 7 zuwa 12, bisa gwajin yara 62 na mako huɗu. Yara 62 kacal! Duk da haka 'yan damfara sun cika intanet suna tallar "warkewa ba magani". Na taɓa karɓar yaro da tabon ƙuna kamar faɗin farce a goshi. Mahaifiyarsa ta zaro na'urar daga jaka, ta ce ai wutar kaɗan ce. Soson ne ya bushe, ba wanda ya koya mata dubawa.

Duk wanda ya ce ki biya kuɗi don a saka ɗanki a bincike, ko ya yi miki alkawarin waraka, ki kama gabanki. Ki nemi lambar rajistar binciken, kamar ta ClinicalTrials.gov, shafin intanet da ake rajistar binciken lafiya, da sunan kwamitin ɗa'ar da ya amince da shi. Ki tafi gida da takardar amincewa ki karanta a tsanake. Dole ta ce kuna iya fita duk ranar da kuka so, ba tare da an rage masa kulawa ba. Shi ma yaron a tambaye shi ko ya yarda.

Batun rama kuwa yana da gyara: ana iya sauya lokacin shan maganin, ko adadinsa, ko nau'insa. Gobe ki kira likitansa, ki faɗa masa ranar da kika daina, ki tafi da takardun binciken.