Gwajin ƙwayoyin gado ga yaro mai otizim: wanne ya cancanci a biya?

Tambaya: Ɗana yana da shekara biyar, likita ya tabbatar yana da otizim (lalurar ci gaban ƙwaƙwalwa da ke shafar magana da mu'amala da mutane). Ba ya samun barci, kuma in ransa ya ɓaci sai ya riƙa buga kansa da bango. Na ga tallar wani gwajin yawu a intanet, wai zai nuna ƙwayoyin gadon da suka daina aiki a jikinsa, daga nan su haɗa masa bitamin da zai gyara halayensa. In saya? Daga wata uwa.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya kawo miki sauƙi. Kada ki saya.

Masu tallar sun ɗauki gaskiya ne suka rataya mata abin da ba nata ba. Gado yana da babban hannu a otizim. Wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya bi yara kimanin miliyan 2 a ƙasashe biyar, ya ƙiyasta gudummawar gado da kusan kashi 80 cikin 100, kuma a 2020 masana sun lissafa ƙwayoyin gado 102 masu alaƙa da lalurar. Sai dai a wajen yawancin yara ba ƙwaya ɗaya ce ta jawo ba, ƙananan bambance-bambance ne masu ɗimbin yawa suka taru.

Maganar cewa wasu ƙwayoyin gado kan daina aiki ita ma tana da tushe. Akwai alamomin sinadari da ke manne wa DNA, su ke sa wata ƙwayar gado ta yi aiki wata ta yi shiru, ba tare da rubutun gadon ya sauya ba. Ƙwayar MECP2, wadda aka gano a 1999 cewa lalacewarta ke haddasa ciwon Rett (lalurar ƙwaƙwalwa da ta fi kama 'yan mata, ta raba su da magana da amfani da hannu), aikinta karanta irin waɗannan alamomi ne. Amma alamomin da ke cikin yawu ba lallai su zama irin na ƙwaƙwalwa ba, kuma babu gwajinsu da likitoci suka amince da shi don gano otizim ko zaɓa wa yaro magani. Idan suka ce miki yana da sauyi a ƙwayar MTHFR, ki sani miliyoyin mutane masu ƙoshin lafiya suna ɗauke da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne buga kan. Yaron da ba ya iya cewa "nan ke mini ciwo" da jikinsa yake faɗa. A duba haƙoransa da kunnuwansa, a duba ko bayan gida na yi masa wuya, a tambayi likita game da farfaɗiya, domin ta fi yawa a cikin yara masu otizim. Ki riƙa rubuta abin da ya faru daf da kowane tashin hankali: ƙara ce, yunwa ce, ko an sauya masa abin da ya saba? Wannan rubutun zai fi gwajin yawun amfanar likitansa nesa ba kusa ba.

Tambaya: Likitan 'yata mai otizim ya ce a yi mata gwajin jini na ƙwayoyin gado. Yana da tsada. Tunda ba warkewa za ta yi ba, mene ne amfaninsa? Daga wani uba.

Amsa: Malam, wannan daban yake da na sama, kuma in da hali ina goyon bayan a yi. Ba zai warkar da ita ba, amma yana iya sauya irin kulawar da za ta samu. Idan aka ga sauyi a ƙwayar PTEN, wadda kan zo da girman kai fiye da kima, za a riƙa sa ido kan wasu nau'o'in ciwon daji. Idan TSC1 ko TSC2 ne, za a riƙa duba ƙoda da ƙwaƙwalwa. A ciwon Smith-Magenis, wata lalurar ƙwayoyin gado da gwajin kan iya ganowa, sinadarin melatonin mai kawo barci yana tashi da rana maimakon dare, don haka iyaye kan fahimci dalilin rashin barcin, likita kuma ya san ta inda zai ɓullo. Sauyin ƙwayar FMR1 kuwa ya shafi dangi gaba ɗaya, saboda mace kan ɗauke shi ba ta sani ba.

Ka shirya zuciyarka: mafi yawan yara sakamakonsu ba ya nuna komai, kuma hakan ba ya soke binciken likitan. Idan kuɗin ba zai isa gwajin da horon koyar da magana a lokaci guda ba, ni zan fara da horon. Sai fa idan tana farfaɗiya, ko ta rasa kalmomi da amfani da hannu da ta riga ta iya, ko akwai masu irin wannan lalura a dangi. A nan gwajin ya kamata ya zo gaba.

Tambaya: Ina shan valproate saboda farfaɗiya, ina son sake haihuwa, kuma ɗana na fari yana da otizim. In sauya magani? Daga wata mai karatu.

Amsa: Ki ga likitanki kafin ki ɗauki ciki. Shan valproate da juna biyu yana ƙara haɗarin otizim da nakasar ƙashin baya ga jariri, kuma ga mata da yawa akwai magungunan da za su maye gurbinsa. Don Allah kada ki daina sha da kanki, farfaɗiya da ciki haɗari ce gare ki da jaririn. Ki kuma gaya masa batun ɗanki na fari, domin kusan ɗaya cikin biyar na ƙannen yara masu otizim su ma sukan same shi, sai a fara bibiyar jaririn tun yana watanni.