Likita, an ce kansar furostet ɗin Baba ta shiga ƙashi, shi kenan?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifina shekararsa 69, ya daɗe yana fama da fitsari da ciwon baya, da aka yi hoto sai aka ce kansar furostet ce har ta taɓa ƙashin baya da ƙugu. Sun ce ko allura duk wata uku ko a cire masa maraina. Mu ba mu gaya masa gaskiyar ciwon ba, kuma yayana na cewa mu koma na gargajiya tunda ba warkewa za a yi ba. Meye shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ku kuma ya saka muku. Gaskiya ne idan ta shiga ƙashi ba a maganar tumɓuke ta gaba ɗaya, amma ana danne ta, kuma mutane da yawa na yin shekaru suna zuwa masallaci da kasuwa da ita a jikinsu, wannan ba irin kansar da za a ce ku koma gida ku jira ba ce.

Ita wannan kansar ta furostet, wato 'yar ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, abincinta shi ne sinadarin mazantaka, testosteron, wanda mafi yawansa maraina ke samarwa. Tun 1941 wani likita a Amurka, Charles Huggins, ya nuna in aka yanke mata wannan abincin sai ta lafa, har lambar Nobel ya samu a 1966. To allurar nan, irin su Zoladex da ake sawa a ƙarƙashin fatar ciki duk sati 4 ko duk sati 12, da ita tiyatar, aiki ɗaya suke yi. Bambancin aljihu ne da zuciya. Tiyata ƙaramin aiki ne, sau ɗaya an gama, allura kuwa ba a fashi, kuma abin da na fi gani kenan, mutum ya karɓi biyu ya ji garau PSA ɗinsa, wato gwajin jinin da ake bin ciwon da shi, ya sauka sai ya ɗauke ƙafa, bayan wata takwas a kawo shi ranga-ranga. In kun san kuɗin zai gagara wataran, ku faɗa wa likitan tun yanzu ba kunya. Ku kuma tambayi asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya, yana ɗaukar ta furostet, asibitin koyarwa na Shika da na Gombe da babban asibitin ƙasa na Abuja suna cikin inda aka fara shi.

Amma fa wannan zaɓi na Baba ne, jikinsa ne. Ta yaya za a cire wa dattijo maraina bai san dalili ba? Wallahi galibinsu sun riga sun gane, shiru kawai suke don kada hankalinku ya tashi, ku kuma kuna shiru don kada nasa ya tashi. Ku zauna da shi da likita, in akwai nauyi ku fita ku bar su, don akwai maganar iyali: sha'awa za ta ragu sosai ko ta tafi, kuma gara shi da Mama su ji daga bakin likita da a fara zargin sammu. Zai iya jin zafi na taso masa da gumi ko cikin sanyin hunturu, ga kasala, ga teɓa, wani lokaci sukari ya hau.

Sai ciwo. Kada ku bar shi yana cije baki wai jarumta. Ana farawa da farasitamol, in bai yi ba a hau sama har morfin na sha, kuma morfin ba alamar an sallama mutum ba ce, sai dai yana busar da ciki, don haka a haɗa da maganin laushin bayan gida. Diklofenak ɗin kemis kullum-kullum kuwa a'a, yana taɓa ƙoda da ciki. In wuri ɗaya ne ke damunsa a ƙashi, gashi na na'ura (radiotherapy) ko zama ɗaya kan kawo sauƙi, sai dai ku kira ku tabbatar na'urar na aiki kafin ku ɗora shi a mota.

Wannan kuma ku rubuta ku manna a bango: ranar da ƙafafunsa suka yi nauyi ko suka mutu, ko ciwon baya ya tsananta farat ɗaya, ko fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko ya riƙa zuba bai sani ba, asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Ƙila ciwon ne ya danne laka, kuma awoyi ake lissafawa kafin shanyewar ta zauna.

Kwanciya wuni guda na cinye masa nama da ƙashi, ya riƙa takawa ko zuwa masallacin unguwa ne da sanda, ya ci wake, ƙwai, kifi, nono, zogale. Sallah a zaune in ruku'u na wahala, hukuncin robar fitsari kuma ku tambayi malami, akwai sauƙi. Addu'a da tofi ku yi ta yi, amma jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba kada su maye gurbin allura, ku nuna wa likita duk abin da yake sha. In wataran PSA ya fara hawa duk da allurar, akwai maganin abiraterone da kimo irin docetaxel a gaba.

Kai da yayan naka kuma, tunda mahaifi ya yi, haɗarinku ya fi na sauran maza, daga shekara 40 zuwa 45 ku je a duba muku PSA.