Fim ɗin farko na sabon darakta a Koriya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sabbin daraktocin Koriya ta Kudu na iya yin fim ɗin laifi mai kyau tun a karon farko. Ka nemi The Chaser na 2008, fim ɗin farko na Na Hong-jin, wanda aka gina a kan ta'asar Yoo Young-chul, wani makashi da ya yi ta kashe mutane a Seoul.

Ni dai Ha Jung-woo ne ya fi kama ni a matsayin makashin. Ba ihu, ba zare ido, a ofishin 'yan sanda yake amsa laifinsa cikin natsuwa har tsikar jikinka ta tashi. Kim Yoon-seok kuwa ya fito ne a matsayin tsohon ɗan sanda da ya koma kawali, yana bin sa da gudu a lunguna.

Akwai jini sosai fa, kada ka kalla da yara.