Amsa: Me ya haɗa mujiya da hikima a wurin Turawa?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa ake zana mujiya da tabarau a tambarin makarantu da manhajojin karatu, alhali mu nan kukanta kawai ya isa a fara a'uziyya.

Abin ya samo asali ne daga tsohuwar Girka. Mutanen birnin Atina suna bauta wa wata gunkiya mai suna Atina, wadda suka jingina wa hikima da dabarun yaƙi, kuma tsuntsuwarta wata ƙaramar mujiya ce. Tun kusan shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suke buga hoton mujiyar a kuɗinsu na azurfa. Har gobe ma tana jikin kwabon Yuro ɗaya na Girka da ya fara yawo a 2002. Daga nan Turawa suka gada, har abin ya kai ga koriyar mujiyar nan ta Duolingo, manhajar koyon harsuna.

Amma kada ka ɗauka duniya duka ta yarda da haka. Rumawa kansu suna ɗaukar kukanta alamar mutuwa, a Indiya kuwa wawa ake kwatantawa da ita.

A ganina kamanninta ne ya ruɗi Turawa. Idanunta manya ne, suna kallon gaba irin na mutum, ga shiru, ga gani cikin dare. Idanun ma ba sa motsi a gurbinsu, shi ya sa take juya wuya har digiri 270. In dai batun wayo ne, hankaka da aku sun yi mata fintinkau.