Filastar da likita ya rubuta wa ɗana ta hana ni sukuni

Assalamu alaikum Anti. Daga Amurka nake rubuto miki. Ɗana mai shekara 8 yana da larurar rashin natsuwa da ake kira ADHD, ba ya iya zama wuri ɗaya a aji, kuma ba ya iya haɗiye ƙwayar magani. Sai likita ya rubuta masa filasta mai suna Daytrana, ina manna masa a ƙugu kowace safiya. Karatunsa ya gyaru, alhamdulillahi, amma wurin yana yin ja, abinci kuma sai na yi ta lallashi. Surukata ta ce ƙwaya nake ɗura wa jikanta, in cire. Anti, cutar da shi nake yi?

Uwar yara biyu

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, uwar da ke duba ƙugun ɗanta kullum ba mai cutarwa ba ce. Sinadarin da ke cikin filastar, methylphenidate, shi ne a cikin ƙwayar Ritalin da aka daɗe ana ba yara. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da filastar a 2006. Hajiya tana da 'yar gaskiya, magani ne mai ƙarfi da wasu ke shan irinsa ba bisa ƙa'ida ba, don haka ki kulle shi, wadda kika cire kuma ki naɗe ta biyu kafin ki zubar. Amma bin umarnin likita daban, shaye-shaye daban. Ki yi mata wannan bayani cikin ladabi.

Jan da kike gani ya zama ruwan dare, yakan baje da kansa. Ki riƙa sauya ƙugu, yau dama gobe hagu, kar filastar ta wuce awa 9 a jikinsa, kar kuma ki yanka ta. Idan ja ya zo da kumburi ko ƙuraje masu ruwa, ko ya wuce kwana biyu bai lafa ba, ki cire, ki kira likita.

Abin da na fi so ki sa wa ido shi ne fari. A 2015 FDA ta yi gargaɗi cewa filastar na iya kashe launin fata, ta bar farin tabo da ba ya komawa, wani lokaci ma a wurin da ba a taɓa manna ta ba. A baƙar fata irin tamu, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaro. Ki duba jikinsa a wuri mai haske lokacin wanka. Da kin ga wuri ya fara dusashewa, kar ki jira ranar ganin likita, ki buga waya. Idan akwai mai irin wannan farin tabo a danginku ko na mijinki, ki faɗa wa likita.

Zafi yana sa maganin ya shiga jini fiye da kima, saboda haka ban da bargon lantarki ko gasa wurin. Batun ci kuwa, ki ba shi karin kumallo mai nauyi tun maganin bai fara aiki ba, a riƙa auna nauyinsa da tsayinsa da bugun jininsa. Ciwon ƙirji ko suma, wannan sai asibiti nan take.