Amsa ga mai tambaya kan ciwon bayan cinya

Ɗan'uwa, ka ce kana tsakiyar gudu a filin ƙwallo a Samaru sai ka ji bayan cinyarka ya riƙe, yanzu kana tambaya ko jijiya ce ta tsinke, ko ka je wurin mai ɗori. Sannu, Allah ya sawwaƙe.

Galibi ba ƙashi ba ne, tsoka ce ta yage kaɗan. A bayan cinya akwai tsokoki 3 da suka taso daga ƙashin da kake zama a kansa, suka sauka har ƙasan gwiwa. Su ke lanƙwasa gwiwa, su kuma ja cinya baya. A gaba kuwa akwai guda 4 masu miƙar da ƙafa. Tsoka ja kawai take yi, ba ta turawa, shi ya sa suke aiki bi da bi. Idan ka zabura da gudu, na baya ne ke taka wa ƙafa birki alhali suna miƙe, a nan suke yagewa.

Kwana biyu zuwa uku na farko ka huta, ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20, sau da yawa a rana. Don Allah kada ka bari a gasa maka da ruwan zafi ko a murza da ƙarfi, kumburi zai ƙaru. Kuskuren da na fi gani shi ne komawa fili da zarar zafi ya lafa, sai wurin ya sake yagewa.

In ka ji ƙara lokacin da abin ya faru, ko wurin ya yi baƙi, ko ka kasa taka ƙafar, ka wuce asibitin koyarwa na Shika likita ya duba ka.